Mene ne hed-en, kuma me ya sa talabijin na ɗakuna 140 ya ɗauke lokaci guda?

Wani ɗan'uwa da ke kula da masaukin alhazai a unguwar Aziziyya ta Makka ya aiko da wannan tambaya: "Gininmu hawa goma sha biyu ne, ɗakuna 140, kowane ɗaki da talabijin amma babu risiba ko ɗaya a ɗakunan. Sati biyu ke nan hoto yana daskarewa da rana, shekaranjiya kuma komai ya ɗauke. Mai gyara na farko ya ce hed-en ne ya lalace, na biyu ya ce mu ƙara amfilifaya a kowane hawa, na uku ya ce mu cire komai mu koma IPTV. Mene ne wannan hed-en, kuma wace shawara zan kai wa mai gida?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Na haura shekara ashirin ina wannan aiki tsakanin Jidda da Makka, kuma kafin in shiga bayani ina roƙonka abu ɗaya: kada ka sa hannu a takardar sayen amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, tukuna. Ka bari ka ji dalili.

Ka san yadda ruwa yake isa ɗakunanku. Wayit, wato motar ruwa, ta zo ta juye a tankin ƙasa, inji ya tura shi tankin da ke kan rufi, daga can bututu ya sauko yana rarrabuwa hawa-hawa har famfon kowane banɗaki. To, hed-en shi ne tankin nan na sama, sai dai maimakon ruwa tashoshin talabijin yake tarawa. Kalmar Turanci ce, ma'anarta kan layi, wato bakin da komai yake farowa. Ɗaki ne guda, ko kabad ɗin ƙarfe guda, inda ake karɓar sigina daga waje, a tace ta, a jera tashoshin, a zuba su cikin kebul ɗaya da zai ratsa ginin. Idan ruwan tanki ya gurɓata, duk injin turawa da ka ƙara a hanya datti zai kai wa mutane da ƙarfi. Wannan ita ce maganata gaba ɗaya, sauran duk bayani ne a kanta.

A nan ƙasar za ka fi jin masu gyara suna cewa dish markazi, kuma suna haɗa abu biyu a ƙarƙashin sunan. Akwai tsarin da ake raba siginar dish kamar yadda ta sauko, kowane gida ya sa risibarsa ya kama abin da yake so. Wannan shi ne na gidajen haya. Akwai kuma irin naku, wanda aikin risibar duka an tattara shi wuri ɗaya, ɗakuna kuwa talabijin kawai suke buƙata. Naku ne hed-en na sosai, kuma shi ya dace da masauki, domin baƙon da ya dawo daga ɗawafi a gajiye ba ya neman rimot biyu.

Bari mu bi siginar daga sama. Taurarin ɗan'adam da muke kamawa suna can saitin layin da ya raba duniya biyu, nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa dish yake kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. Manyan na wannan yanki biyu ne: taurarin Badr na Arabsat a digiri 26 gabas, da Nilesat na Masar a digiri 7 yamma. Makka tana kusan digiri 40 gabas, saboda haka duka biyun kudu maso yamma ake fuskanta, na Badr ya ɗaga kai sama, na Nilesat ya fi sunkuyowa. Ita Arabsat a Riyad hedikwatarta take, an kafa ta a 1976, kuma ɗaya daga taurarinta na farko daga kumbon Discovery aka sake shi a 1985, tafiyar da Yarima Sultan bin Salman ya yi sararin samaniya.

Siginar tana saukowa tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, a raunane ƙwarai. Farantin dish ya tattaro ta ya tura wa LNB, wannan ɗan kan da ke tsaye a gabansa, shi kuma ya ƙarfafa ta ya sauko da ita tsakanin megahaz 950 da 2150 don kebul ya iya ɗauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne siginar kowane tauraro kashi huɗu ce: ta tsaye da ta kwance, kowacce kuma da zangon sama da na ƙasa. Risibar gida kashi ɗaya take zaɓa a lokaci guda, ta hanyar aika wa LNB bolt 13 ko 18, da wata 'yar ƙara ta kilohaz 22. Babban gini yana buƙatar duka huɗun a lokaci ɗaya, don haka ake sa LNB mai ƙofa huɗu, wayoyi huɗu su sauko daga kowane dish. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani: duk ranar da wasu tashoshi suka ɓace wasu suka tsaya daram a duk ginin, sau da yawa ɗaya daga wayoyin nan huɗu ce ta sha ruwa ko ta kwance.

Wayoyin suna shiga kabad. A ciki akwai na'urori masu kama da faifai a jere, kowace an ɗaure ta a kan zango ɗaya na tauraro, wanda yake ɗauke da tashoshi da dama a dunƙule. Na'urar ta warware dunƙulen, ta ɗauki waɗanda kuka zaɓa, ta watsar da sauran, ta buɗe na kuɗi idan akwai kati, sannan ta sake ɗaure su da irin ƙullin da talabijin ɗin ɗaki yake ganewa, wato DVB-C ko DVB-T. Kowane sabon dunƙule ana ba shi gurbi mai faɗin megahaz 8 a cikin kebul. A Amurka 6 suke amfani da shi. Gurbi ɗaya, idan aka yi masa tsarin 256-QAM, wato wata hanyar cusa bayanai cikin sigina, yana ɗaukar kimanin megabit 50 a daƙiƙa, wanda ya ishi tashoshi biyar ko shida masu hoto tangaran. Daga nan a haɗa guraben duka su fita ta baki ɗaya. A nan ne ma ake cusa tashar masauki ta cikin gida, mai nuna lokutan salla da na motocin Harami, kuma a nan ake jera lambobi yadda tashar Alƙur'ani da ke nuna Ka'aba kai tsaye za ta zama ta ɗaya, ta Sunna daga Madina ta zama ta biyu. Daɗin tsarin shi ne idan wata tasha ta canza zango a tauraro, mutum ɗaya ne zai gyara a wuri ɗaya, ba sai an bi ɗakuna 140 ana ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Tsofaffin hed-en na analog ba haka suke ba. Kowace tasha da risibarta da mojuletarta mai ɗora ta a kan kebul, tasha arba'in risiba arba'in a jibge, zafi kamar gidan burodi. Har yanzu akwai su a tsofaffin gine-gine, kuma abu na farko da ya kamata ka gano shi ne wanne ne naku.

Asalin abin daga Amurka ne, wajen 1948, a garuruwan da duwatsu suka tare musu sigina a jihohin Fensilbeniya da Oregon. Sai a kafa doguwar eriya a kan tudu, a jawo waya zuwa gidajen gari. Bukkar da ke gindin eriyar ita ce hed-en ta farko. Dish ya shigo ciki a 1975, lokacin da tashar HBO ta aika damben Muhammad Ali da Joe Frazier na Manila ta tauraro zuwa kamfanonin kebul. A Saudiyya kuwa tsarin kamfani ɗaya ya ja wa gari duka kebul na talabijin bai kafu ba. Dish ne ya mamaye rufin gidaje tun farkon shekarun 1990, shi ya sa hed-en da muka fi sani a nan su ne na otal-otal, asibitoci da rukunin gidajen ma'aikata.

Yanzu ga matsalarku. A wannan sana'a kafin ka buɗe jakar kayan aiki, tambaya ɗaya kake yi: su wa abin ya shafa? Idan ɗaki ɗaya ne, wayar bango ce ko talabijin ɗin. Idan hawa ɗaya ne ko ɓangare ɗaya, amfilifaya ce ko marabar wannan hawan, wato na'urar da ke raba waya. Idan gini duka ne a lokaci guda, to laifin yana sama da inda waya ta fara rabuwa: dish, hed-en, ko babbar amfilifayar da ke bakinsa. Kai ka ce duk ɗakuna ne, ka kuma ce da rana ne yake daskarewa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da yake zuwa da azahar ya tafi bayan isha, a garin da zafinsa yake wuce digiri 45 da bazara, zafi ake fara tuhuma. Akwai wasu abubuwan da ke zuwa su wuce, amma kamanninsu daban. Ruwan sama mai ƙarfi yana yanke sigina har ya ɗauke. Sau biyu a shekara kuma, wajen watan Maris da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, rana tana bi ta bayan tauraro daidai, ta rufe siginar na 'yan mintoci a 'yan kwanaki. Babu ɗayansu da ke yin sati biyu yana ƙaruwa har ya kashe komai.

Na taɓa zuwa wani masauki da ciwonsa ya yi kama da naku. Sun canza amfilifaya har sau uku kafin a kira ni. Na ce a kai ni inda kabad ɗin yake. Ɗan ɗaki ne a kan rufi kusa da injin lif, an mai da shi ma'ajiyar tsofaffin katifu da barguna. Ina buɗe ƙofa iska mai zafi ta buge ni da warin roba da ta fara ƙonewa. Mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya shi, ya mutu tun watanni, ba wanda ya lura domin ba mai kwana a ciki. Na kai bayan hannu jikin kabad, ban iya barinsa ba. Fankokin da ke bayan na'urorin ƙura ta toshe su ta zama kamar auduga, biyu sun daina juyawa gaba ɗaya. Da na buɗe akwatin da ke ba su wuta, kawunan kafasito sun kumbura kamar gwangwanin da ya lalace. A waje kuma tattabaru sun yi sheƙa a bayan dish, kashinsu ya lulluɓe fuskar LNB ɗaya, mahaɗar wayar an naɗe ta da salatif wanda rana ta riga ta cinye. Abin da muka canza a ranar shi ne akwatin wuta, fankoki, LNB ɗaya da mahaɗai. Amfilifayoyin nan uku da aka cire duk lafiyarsu ƙalau. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin da aka kashe a kansu ya isa a gyara mukayyif tun farko, kuma a tsawon makonnin nan tsofaffi da ba sa iya zuwa Harami kowace salla sun rasa ko kallon Ka'aba daga ɗakinsu.

Ba ina cewa amfilifaya ba ta da aiki ba. Kebul yana shan sigina, kuma yana ƙara sha gwargwadon hawan zango. Irin RG6 da aka saba ja zuwa ɗakuna yana cinye kusan desibel 20 a mita ɗari idan an kusanci megahaz 1000, alhali kowane desibel 3 rabin ƙarfi ne. Kowace maraba mai baki biyu kuma tana cin sama da rabi kaɗan. Don haka gini mai hawa goma sha biyu dole yana da amfilifaya a hanya. Amma ita abin da aka ba ta take ƙara wa ƙarfi, mai kyau da marar kyau, ta kuma ɗora nata ɗan hayaniyar a kai. Idan aka cika mata ciki fiye da ƙima ma, da kanta take jirkita siginar.

Abu biyu ake aunawa, kuma a nan ake gane mai gyara na ƙwarai: ƙarfin sigina da tsabtarta. Tsabtar ita ake kira MER. Ka sa ya nuna maka allon mitarsa. A tsarin 256-QAM za ka ga ɗigo 256, layi 16 sau 16. Idan sigina lafiya take, kowane ɗigo yana zaune tsakiyar gidansa kamar ƙwayar gero. Idan ta gurɓata sai ka ga ɗigon ya baje kamar an hura wa gari iska, yana tsallakawa gidan maƙwabcinsa, talabijin ya kasa tantance wanne ne wanne. A zamanin analog hoto yakan yi yashi-yashi a hankali, ya ba ka gargaɗi. Na dijital kuwa yana nan tangaran har ya kai gaɓa, sai ya daskare, sai ya faɗa. Mita tana iya nuna ƙarfi cike alhali tsabta ta mutu, kuma wanda ƙarfi kawai yake dubawa shi ne zai ce maka a ƙara amfilifaya.

Tunda kalmar za ta sake zuwa maka a maganar intanet, ga yadda take a can. A ƙasashen da ke da kamfanonin kebul, hed-en gini ne sukutum mai janareto da batura, yana ciyar da gari. Daga shi faiba take fita zuwa unguwanni, domin ita asararta kusan desibel 0.35 ce a kilomita guda, ka gwada da 20 ɗin can a mita ɗari. Sai a bakin unguwa a mayar da hasken sigina ta kebul. Tun da aka fitar da ƙa'idar DOCSIS a 1997 kebul ɗin yake ɗaukar intanet, da wata na'ura a hed-en mai suna CMTS da ke magana da modem na kowane gida. Saƙon da ke komawa daga gidaje yana bin ƙasan zango, megahaz 5 zuwa 42 a Amurka, 5 zuwa 65 a Turai, kuma a nan wahalar take: hayaniyar kowane gida tana gangarowa ta taru wuri ɗaya kamar mazurari, mahaɗa ɗaya da ta kwance a gidan mutum ɗaya sai ta rage wa unguwa sauri. A nan Saudiyya faiba ce take zuwa har gida, wadda ake kira alyaf. Mai matsayin hed-en a wannan tsari ita ce na'urar OLT da ke maƙsam, wato cibiyar rarraba layuka ta kamfani. A tsarin GPON zare ɗaya yana ɗaukar kusan gigabit 2.5 zuwa gidaje da 1.25 komawa, a raba shi wa gida 32 ko 64 da marabar gilashi da ba ta cin wuta, a nisan da ya kai kilomita 20. Ƙa'idar ganewa ɗaya ce da ta gininku: idan jar fitila ta kama a akwatinka kai kaɗai, zarenka ne, idan layinku ne duka, matsalar tana gaba.

Sai maganar na ukun, mai cewa a koma IPTV, wato a aika tashoshin ta wayar netwok irin ta intanet. Tsari ne mai kyau, ni ma shi nake sa wa sabbin gine-gine. Amma ka sani hed-en ba ya ɓacewa, bakin fitarsa ne kawai yake canzawa: dish yana nan, kabad yana nan, zafin da ya kashe wannan zai kashe wancan. Abin da zai ƙaru shi ne wayar netwok zuwa kowane ɗaki, wadda ba ta wuce mita 100 daga suwic, wato akwatin da ke rarraba netwok, da suwic a hawa-hawa, da talabijin da ya san tsarin ko ɗan akwati a bayansa. Ka lissafa kuma: tasha 60, kowace kimanin megabit 8, megabit 480 ke nan suna gudana dare da rana. Idan ba a saita suwic ɗin ya kai wa kowane ɗaki tashar da ya nema kawai ba, abin da masu aikin ke kira IGMP, sai ya watsa duka ga kowa, talabijin ya tsaya, wayifai na baƙi ma ya tsaya. Kuma za ka ga kiran salla a allo yana zuwa bayan wanda kunne ya ji daga masallaci. Zuwa tauraro da dawowa kusan rubu'in daƙiƙa ne kawai, sauran jinkirin na matse hoto da warware shi ne, IPTV kuma yakan ƙara nasa. A ganina, matuƙar kebul ɗin da ke cikin bangonku lafiyayye ne, fasa bango a ja sabuwar waya zuwa ɗakuna 140 don a magance ciwon da ke ɗaki ɗaya ɓarnar dukiya ce. Ku bar shi sai ranar da za a yi wa ginin babban gyara.

Abin da za ka kai wa mai gida shi ne wannan. A kira na farkon, tunda shi ya nuna wurin da ya dace, amma kada a karɓi "ya lalace" a dunƙule. Ya auna a gabanka a wuri uku: wayoyin da suka sauko daga dish, bakin fitar hed-en, da ɗaki mafi nisa, ya rubuta ƙarfi da tsabta na kowanne. Idan abin da ke shiga kabad mai kyau ne, abin da ke fita kuma babu, to a ware a gani: akwatin wuta ne, ko faifai ɗaya ne, ko babbar amfilifaya. Mutuwar komai lokaci guda ta fi kama da akwatin wuta, kuma shi ne mafi araha a cikinsu. Idan kuwa tsohon analog ne mai tarin risiba, a nan zan goyi bayan a sauya shi da na dijital, bayan an tabbatar talabijin ɗin ɗakuna suna karɓar DVB-C ko DVB-T.

Kowanne aka yi, ɗakin nan ya samu mukayyif nasa da ba a kashewa, zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 20 da 25, a fitar da duk kayan ajiya, a sa masa UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, da wayar atin mai kyau, a ajiye akwatin wuta na ko-ta-kwana, a kwafe saitin na'urorin a filasha a ba ka ka riƙe. Kowace waya a liƙa mata suna. Tashoshin kuɗi kuma a yi musu rajistar masauki, domin katin gida ba a yarda a raba shi wa ɗakuna ba, kuma ba na so a ce amanar da ke hannunka ta jawo wa mai gida tara. A gama duk wannan kafin cunkoson Umarar azumi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a lokacin ko mai gyaran ba za ka samu ba.

Gobe idan an idar da azahar ka karɓi makulli ka hau da kanka. Ka buɗe ƙofar, ka ji iskar ɗakin, ka duba ko mukayyif yana aiki, ka kai bayan hannunka jikin kabad, ka saurara ko fankoki suna juyawa, ka ga ko akwai fitila ko ɗaya da ke ci a gaban na'urorin. Kada ka buɗe komai, akwai wuta a ciki. Abin da ka gani ka rubuto mini, da adadin dish ɗin da ke kan rufin, in gaya maka abin da za ka tambayi mai gyaran.